A Kawo Ma'aunin Dalma Kusa Da Mu

Daga wani ɗalibin aji biyar, sashen kimiyya

Ina roƙon a ba ni aron wannan fili in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce. Na san ni yaro ne, shekarata 16, kuma ba a san yaro da koya wa manya zaman duniya ba. To amma da yake iyayenmu ne suka turo mu makaranta don mu koyo abin da zai amfane su, ina ganin laifi ne mu koyo mu yi shiru.

Da aka ba mu hutu na je gida, sai na tarar ƙanwata ta cika wata huɗu da haihuwa. Kullum da safe in an yi mata wanka, Kaka takan ɗauko tandunta ta rangaɗa mata kwalli. Ni kuwa a zangon nan Malaminmu na kimiyyar sinadarai ya gaya mana cewa yawancin dutsen kwallin da ake sayarwa a kasuwa dangin dalma ne, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Saboda haka na durƙusa na ce, "Kaka, da za a daina sa wa jaririyar nan kwalli, da ya fi." Sai ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Maigida, ashe bokon naka har ya kai ka ga raina kwalli? Da shi aka rene ni, da shi na reni ubanka, ga shi nan idonsa garau. Ko kuwa ba ka so kishiyar tawa ta yi kyau ne?" Baba yana gefe yana jinmu. Can sai ya ce, "To, kai da ka sani, wannan na cikin tandun, akwai dalmar a ciki ko babu?" Jama'a, nan bakina ya mutu. Na duba kwallin, baƙi ne mai ƙyalli kamar kowane kwalli. Ba ni da abin da zan nuna.

Tun daga ranar nake ta tunani a kan tambayar Baba, har na gane cewa shi ne mai gaskiya. Gardama irin wannan baki ba ya raba ta, sai awo. Ra'ayina ke nan a cikin wannan rubutu: akwai hanyar auna dalma da sauran ƙarafa masu guba ta amfani da lantarki, na'urarta ƙarama ce, batir ma yana ɗaukarta, kuma ya kamata a kawo ta asibitocinmu da makarantunmu na ƙasar Gwarzo da Kabo, a koya mana ita, mu kuma mu sa himma mu gyara ta ta dace da ƙasarmu.

Kada wani ya ɗauka maganar dalma tatsuniyar 'yan boko ce. A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suna zagayen duba cutar sanƙarau a Jihar Zamfara, sai suka sami labarin yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro sai ya kama amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga, sai kuma a ce rai ya yi halinsa. Aka yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, amma babu sauƙi, domin ba nan cutar take ba. Sai da aka ɗebi jinin waɗansu yara aka aika da shi har ƙasar Jamus kafin aka tabbatar cewa dalma ce. Dalili kuwa shi ne, zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka dukufa haƙo duwatsunsa, ashe duwatsun wurin cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ita ce yaran suka yi ta haɗiya.

Da masana suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma a watan Mayu na wannan shekara, sai suka tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Watau yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Kafin annobar ta lafa, yara fiye da 400 suka rasa rayukansu, dubbai kuma suka sha magani na tsawon lokaci. Garin Bagega bai samu an kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013. Bayan haka, a 2015, irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a wannan labari shi ne lokacin da aka ɓata ana maganin cutar da ba ita ba. Iyayen yaran nan suna son 'ya'yansu kamar yadda namu ke son mu, ma'aikatan lafiya kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ma'auni ne babu a kusa. Da akwai shi a asibitin Anka tun farko, da ɗigon jinin yaro na farko ya tona asirin cutar.

Me ya sa sai da na'ura? Saboda abin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalmar da ke cikin ruwan sha ta wuce mikirogiram 10 a kowace lita, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ma haka ta ce. Mikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Na zauna na yi lissafin a bayan littafina, ga abin da na samu: giram ɗaya na dalma, watau nauyin kashi ɗaya cikin huɗu na dunƙulen magi, in ya narke, ya isa ya kai ruwa lita 100,000 wannan iyaka. Duro 500 ke nan, in kowane duro yana cin lita 200. Irin wannan ruwa za ka gan shi fari tas, ba wari, ba ɗanɗano. Tacewa da ƙyalle ba ta cire dalma, tafasawa ma ba ta cire ta, domin ba ƙwayar cuta ba ce balle wuta ta kashe ta. A jini kuwa, masana sun ce babu wani adadin dalma da za a kira shi marar lahani. Ko ba ta kai ta kashe ba, tana dakushe basirar yaro, ta rage masa jini, ta sa ya girma da wuyar fahimtar karatu. Cikin yaro kuma yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Wa ya san yara nawa ne ake kira dakikai a aji, ana dukansu, alhali kuwa ƙura ce suka lasa tun suna rarrafe?

Yanzu bari in bayyana yadda ake awon, gwargwadon abin da na fahimta. 'Yan ajinmu za su tuna ranar da muka fasa tsofaffin batiran tocila muka ciro baƙaƙen sandunan gawayin da ke cikinsu, muka tsoma biyu a cikin shuɗin ruwan sinadarin jan ƙarfe, muka haɗa su da batir. Ba a jima ba sai ɗaya daga cikin sandunan ya yi ja, domin lantarki ya janyo jan ƙarfen da ke narke a ruwan ya liƙa shi a jikin sandan. Da muka juya wayoyin, sai jan ya saki sandan ya koma cikin ruwa. Haka ake yi wa 'yan kunne da sarƙa ruwan zinare. To, wannan ɗan wasan da muka yi shi ne tushen dabarar gaba ɗaya.

Aikin kashi biyu ne. Kashi na farko tarawa. Sai a tsoma ɗan tsinken lantarki a cikin ruwan da ake son aunawa, a sakar masa wuta na minti ɗaya ko biyu ko fiye, duk ƙarafan da suka watsu a ruwan su taru su manne a kansa. Ta haka abin da ya yi ƙanƙanta a gani a warwatse sai ya tattaru wuri guda. Kashi na biyu sallama. Sai a riƙa sauya ƙarfin wutar sannu a hankali, ƙarafan su riƙa sakin tsinken suna komawa cikin ruwa. Abin sha'awa shi ne ba tare suke saki ba, kowane ƙarfe da matakin wutar da yake tashi a kansa. Tutiya ce ke fara tashi, sai kadmiyam, sai dalma, sa'an nan jan ƙarfe. Duk lokacin da wani ya tashi kuma, sai wuta ta ɗan harba a cikin wayar, na'ura ta rubuta. Matakin da harbin ya auku shi ke faɗin sunan ƙarfen, ƙarfin harbin kuma shi ke faɗin yawansa. Kamar dai yadda ake tara mu a fili da safe ne, sa'an nan a sallame mu aji-aji. Wanda ya tsaya a ƙofa, ko bai san fuskar kowa ba, zai iya faɗin ko wane aji ne ke wucewa da kuma yawan 'yan cikinsa.

Wannan ilmi ba jiya aka fara shi ba. Wani masani mai suna Jaroslav Heyrovsky, mutumin birnin Firag na ƙasar Cekoslobakiya ta da, shi ne a 1922 ya gano yadda ake gane abin da ke narke a ruwa ta hanyar auna wutar da ke bi ta cikin ɗigon zaiba, har aka ba shi kyautar Nobel a 1959. Shekaru masu yawa da zaiba aka yi ta aikin, domin tana kama ƙarafa da kyau. Amma ita ma zaiba guba ce, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masana ba su haƙura ba, suka yi ta neman madadinta, har a shekarar 2000 Joseph Wang da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wani ƙarfe mai suna bismut yana iya yin aikin. Shi dafinsa kaɗan ne, har ana sa shi a waɗansu magungunan ciwon ciki. Haka kuma aka koyi buga tsinken lantarkin a kan 'yar leda ko takarda kamar yadda ake buga rubutu, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Duk wanda ya taɓa ganin mai ciwon sukari yana ɗiga jininsa a kan ɗan tsinke ya zura a na'ura, to ya ga ɗan'uwan wannan abu, domin shi ma da lantarki yake awo.

Irin wannan na'ura ce, mai suna LeadCare II, aka shiga da ita ƙauyukan Zamfara a 2010. Girmanta bai fi na ƙaramar rediyo ba, tana aiki da batir, jinin da take bukata kamar ɗigo biyu ne, kuma cikin minti 3 take ba da amsa. A gwada wannan da aika jini Jamus! Akwai manyan na'urori da suka fi ta ƙwarewa, irin waɗanda ake samu a jami'o'i, amma su suna son ɗaki na musamman, da wuta marar yankewa, da ƙwararren ma'aikaci, da kuɗi masu kauri. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kimanin kilomita 70 ne. Wace uwa ce a Getso ko Lakwaya ko Garo za ta bar aikinta, ta biya kuɗin mota, ta kai tandun kwalli ko kwalbar ruwan rijiya birni don a auna mata?

To amma in na ce na'urar nan ba ta da aibu, na yi ƙarya, kuma a nan ne nake ganin aikinmu yake. Aibu na farko a Zamfara ya bayyana. An ƙera ta don ta auna daga mikirogiram 3.3 zuwa 65 a kowace desilita ta jini. Sai ga shi jinin yara da yawa ya fi ƙarfinta, ba ta faɗin lamba, sai dai ta nuna cewa abin ya wuce iyaka. Likita kuwa yana bukatar lamba don ya san wa zai fara ba magani. Sai masana suka ɓullo da dabarar sirka jinin marar lafiya da wani jinin da aka tabbatar dalmarsa ba ta taka kara ta karya ba, a auna, sa'an nan a yi lissafi a gano na ainihi. Ka ga gyaran da aka yi wa hanyar awon saboda larurar ƙasar Hausa.

Aibu na biyu zafi ne. An tsara na'urar ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 36 ba, mu kuwa a watan Afrilu mukan haura 40. Na uku, ruwanmu ba irin ruwan ɗakin gwaji ba ne. Ruwan kududdufi, ko na madatsun Guzuguzu da Magaga da damina, yana ɗauke da laka da ruɓaɓɓen ganye, waɗanda sukan lulluɓe tsinken su hana shi kama ƙarfe yadda ya kamata. Haka nan in jan ƙarfe ya yi yawa a ruwa yakan rikita lissafin waɗansu ƙarafan. Na huɗu tsada. Tsinkayen daga waje ake sayo su da dala, kuma suna da wa'adin lalacewa. Na biyar, na'ura tana kuskure. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da jinin da aka ɗebo daga jijiya a irin waɗannan na'urori, sai na ɗan yatsa, a 2021 kuma aka janye waɗansu kayan awon daga kasuwa, saboda suna nuna lambar da ta gaza ta gaskiya. Wannan shi ne kuskure mafi muni, a ce wa uwa ɗanta lafiya lau alhali guba tana cinsa.

Wa zai gyara waɗannan? Bature yana gyara abin da ya dame shi ne a ƙasarsa. Zafin bazara da lakar kududdufi mu suka dama. Tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu don a sami likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, kuma an same su. Ga Jami'ar Bayero nan a kan titin Gwarzo, duk mai zuwa birni daga wajenmu sai ya wuce ta ƙofarta. Ban ga abin da zai hana a sami ɗan Kabo ko 'yar Gwarzo da za su ƙera tsinken awo mai jure zafi, mai araha, wanda za a buga a Kano ba. Kayan aikin gawayi ne da ɗan ƙarfe da lissafi, sauran kuwa naci ne.

Na tattauna wannan magana da abokaina a ɗakin kwana, kuma ba duka suka yarda da ni ba. Wani ya ce, "Mu ina ruwanmu? Ai ba a haƙar zinare a garinmu." Amsata ita ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Samarinmu suna tafiya cin rani, waɗansu kuma wuraren haƙar ma'adinai suke zuwa, su dawo da ƙura a tufafinsu da takalmansu, su ɗauki ƙannensu. Ban da haka dalma tana da ƙofofi da yawa. Batirin mota da na sola cike suke da ita, ga su nan kuma suna ƙara yawa a gidajenmu, in sun mutu a fasa su a gefen hanya. A wata unguwa ta bakin birnin Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda sana'ar fasa tsofaffin batura. Akwai tukwanen da ake zubawa daga narkakkun tarkacen ƙarafa, waɗanda wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna suna iya sakin dalma a cikin abinci. Akwai tsohon fenti. Sai kuma kwalli. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya, da aka bi diddigi sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda kashi 82 da ɗoriya cikin 100 nasa dalma ce. A 2020 kuma Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin kowane uku a duniya yana ɗauke da dalmar da ta kai a damu da ita. Ban ce namu suna ciki ba, ban kuma ce ba sa ciki ba. Na ce a auna.

Wani kuma ya ce, "Talaka yana fama da zazzaɓi da tsadar abinci, kai kana maganar mikirogiram." Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma a tuna cewa yaran Zamfara maganin zazzaɓi aka yi ta ba su, kuɗin ya tafi, yaran ma suka tafi. Awo yana hana ɓarnar kuɗi a kan maganin da ba shi ne ba. Sa'an nan ƙwaƙwalwar da dalma ta taɓa ba ta komawa daidai. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, wanda akan bayar in ta kai mikirogiram 45, amma ba ya mayar da basirar da ta riga ta tafi. Asarar da iyali za su yi in ɗansu ya girma bai iya riƙe karatu ko sana'a ba ta fi kuɗin tsinken awo nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne irin maganar Kaka, cewa iyaye da kakanni sun yi kuma sun rayu. Gaskiya ne sun rayu, Allah ya ƙara musu lafiya. Ni ba kwalli nake suka ba, na san ado ne mai asali, kuma yana da daraja a wurin mutanenmu. Abin da nake cewa shi ne duwatsun da ake kira kwalli iri-iri ne, ido kuma ba ya bambance mai dalma da marar ita. Babba ya sa a idonsa ya wanke hannu. Jariri kuwa sai ya murza ido ya kai hannun baki. Da akwai ma'auni a kusa, da an tantance wanda za a saya da wanda za a guje wa, mai sayarwa ya ci gaba da kasuwarsa, uwa kuma hankalinta ya kwanta.

Saboda haka ina da roƙo guda huɗu. Na farko ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo: a tabbatar da cewa a kowane babban asibiti na yankinmu akwai na'urar auna dalma a jini, da tsinkayen da wa'adinsu bai ƙare ba, da ma'aikacin da aka horar, da ɗaki mai sanyi. A riƙa kuma aika wani kaso na jinin zuwa babban ɗakin gwaji a birni lokaci-lokaci, don a tabbatar ƙaramar na'urar ba ta fara ƙarya ba.

Na biyu ga hukumomin ilmi da tsofaffin ɗaliban makarantunmu: a taimaka wa ƙungiyoyin kimiyya na makarantu da ƙaramar na'urar auna ƙarafa a ruwa. Jini aikin asibiti ne, ba namu ba. Amma ruwan rijiya, da na burtsatse, da na madatsa, ɗalibi yana iya aunawa a gaban malaminsa. In kowane ɗalibi ya dawo hutu da kwalba ɗaya ta ruwan unguwarsu, a rubuta sunan gari da rana, cikin shekara biyu za mu sami taswirar ruwan yankinmu, mu miƙa wa hukuma. Inda muka ga lamba ta tashi, sai a kira masana su sake aunawa da babbar na'ura kafin a tayar wa kowa hankali.

Na uku ga malaman jami'a: in kun yi bincike a kan ruwanmu da ƙasarmu, a daure a dawo a gaya mana sakamakon da Hausa, a rediyo ko a fadar dagaci. Rubutun da ke kulle a ɗakin karatu ba ya hana yaro lasar ƙura.

Na huɗu ga iyayenmu mata da maza, kuma shi ne wanda ba ya bukatar kuɗi. Kafin ma'auni ya iso, a daure a dakata da sa wa jarirai kwallin dutse. A riƙa wanke wa yara hannu kafin su ci abinci. Kada a bar su suna wasa inda ake gyara ko fasa batir. Wanda ya dawo daga wurin haƙar ma'adinai ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, kada kuma a shigo da dutsen ma'adinai cikin gida, balle a daka shi a turmin abinci. Abinci mai tsami, kamar kunun tsamiya ko miyar yakuwa, kada a bar shi ya kwana a tukunyar zubi, domin tsami shi ya fi janyo ƙarfe.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu cewa darasin sinadarai wahala ce kawai don cin jarrabawa, ku tuna da sandan gawayin nan da ya yi ja a gabanmu. Ilmin da ke cikinsa shi ne aka shiga da shi Dareta aka gane yaran da za a fara ceto.

Ranar da zan dawo makaranta na je yi wa Kaka sallama. Ta ba ni ƙuli-ƙuli a ƙullin leda, ta ce, "Maigida, na ajiye tandun sai kishiyar tawa ta yi wayo, albarkacin ubanka. Amma fa ban yarda ka kayar da ni ba. Ran da ka kawo mini injin naka ya faɗa a gabana, ran nan zan sallama." Na ce, "To Kaka, Allah ya kai mu." Bashi ne na ɗauko, kuma ina roƙon waɗanda na ambata a sama su taya ni biya.

Allah ya kare mana ƙannenmu, ya ba shugabanninmu ikon duba wannan roƙo, ya sa abin da muke koyo ya amfani jama'armu, amin.